Magana Zarar Bunu Ce, Ko A Waya Aka Yi Ta

A daren Alhamis, wayewar Juma'a 8 ga Agustan 2014, wani saƙo ya yi ta yawo a wayoyin jama'a a faɗin Nijeriya, wai duk mai son ya tsira daga cutar Ebola ya tashi kafin gari ya waye ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri, ya kuma sha. Uwa ta kira ɗanta da tsakar dare, wa ya tura wa ƙanensa, aboki ya tashi abokinsa daga barci. Kafin Ma'aikatar Lafiya ta fito ta ƙaryata zancen, mai sha ya riga ya sha. Aƙalla mutum 2 suka rasa rayukansu, aka kwantar da kimanin 20 a asibiti, alhali ita kanta Ebolar mutum 8 ta kashe a duk ƙasar kafin a sanar da ƙarewarta a watan Oktoba na wannan shekarar.

Abin lura a nan shi ne, akasarin waɗanda suka tura wannan saƙo ba mugaye ba ne. Tausayi ne ya sa su, da son a ceci rai. To amma kyakkyawar niyya ba ta mayar da ƙarya ta zama gaskiya, kuma mai hawan jinin da ya kwankwaɗi ruwan gishiri bai amfana da niyyar wanda ya turo masa ba.

Abin da ya faru a Jihar Filato ya fi wannan muni. A ranar 23 ga Yunin 2018 an kai hare-hare a ƙauyukan Barikin Ladi, an kashe mutane da yawa, wannan gaskiya ne. Sai dai a ranar ne kuma wasu hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook, ana cewa ga abin da Fulani suka yi. Washegari matasa suka tare hanya, suna fito da matafiya daga motoci, aka kashe mutum 11 da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Da BBC ta bi diddigin hotunan, sai aka tarar ɗaya ya daɗe a Facebook watanni kafin rikicin, wani bidiyon kuwa ba a Nijeriya ma aka ɗauke shi ba, a ƙasar Kongo ne tun 2012. 'Yan sandan jihar da kansu sun ce waɗannan hotuna sun taimaka wajen rura wutar. Wanda ya danna ya tura yana kwance a ɗakinsa, marayun da aka bari kuwa har yau suna nan.

Wannan cuta ba sabuwa ba ce, kayan aikinta ne kawai suka canza. Malaman tafsiri sun ruwaito cewa Manzon Allah (S) ya aiki Walidu ɗan Uƙba zuwa ga Banu Musɗaliƙ don ya karɓo zakka. Da ya hango su sun fito, sai tsoro ya kama shi, ya juyo ya ba da labarin cewa sun hana zakka, har sun so su kashe shi. Saura kaɗan a yaƙi mutanen da tarbarsa kawai suka fito yi. A kan wannan ne ayar Suratul Hujurat ta sauka tana umartar muminai da su binciki labari kafin su yi aiki da shi. To idan a Madina, a gaban Manzo (S), labarin mutum ɗaya ya kusa jawo zubar da jini, ina ga saƙon da ba a san ma wanda ya rubuta shi ba?

Wani ɗan uwa zai ce ai shi bai ƙirƙira ba, yadda aka turo masa haka ya tura. Wannan ba hujja ba ce, ba a gaban shari'a ba, ba kuma a gaban hankali ba. Mutanen da ke da lambarsa sun yarda da saƙon ne saboda daga hannunsa ya fito, sun san shi da salla da zuwa karatu. Ke nan ya ara wa ƙarya mutuncinsa ta yi ado da shi.

Wani kuma zai ce ai ana zaluntar al'umma, shiru bai kamata ba. Haka ne, kuma babu mai cewa a yi shiru a kan zalunci. Amma mai gaskiya shi ya fi kowa bukatar taka-tsantsan, domin azzalumi ba abin da yake jira kamar a kama mai ƙorafi da hoton bogi guda ɗaya. Da wannan ɗayan zai ƙaryata goma na gaskiya, ya ce ku duba, dama maƙaryata ne. Ashe ke nan matashin da ya yi gaggawa ya yi wa wanda yake yaƙa aiki kyauta.

Sannan akwai abin da zai dawo wa mutum a kansa. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 7, ga wanda ya yaɗa abin da ya san ƙarya ne don ya tayar da fitina. Ko ba hukuma ma, abin da aka rubuta cikin fushi ba ya gogewa. Mutum zai share a wayarsa, alhali wani ya riga ya ɗauki hotonsa ya ajiye, sai ranar neman aure ko neman aiki a fito masa da shi.

Saboda haka ya kamata kowane ɗan uwa, kafin yatsansa ya taɓa waya, ya tsaya ya tambayi kansa: wa ya faɗa, a ina abin ya faru, yaushe? Idan hoto ne, na yau ne ko tsoho aka tono? Idan fatawa ce ko hadisi, ya kai wa malami ya duba tukuna. Idan magani ne, ya bar wa likita. Idan kuma ya ji zuciyarsa na tafasa, to lokacin ne ya fi dacewa ya ajiye wayar ya yi alwala, domin labarin gaskiya ba zai lalace ba don ya kwana ɗaya. Wanda kuwa ya riga ya tura, daga baya ya gane ƙarya ce, wajibi ne ya koma duk inda ya tura ya warware da sunansa, ba ya share ya yi shiru ba. Idan mutuncin wani ya taɓa, ya nemi yafiyarsa tun suna raye.

Allah (T) Ya tsare harsuna da yatsun matasa daga abin da zai zama nadama ranar hisabi. Wassalam.