Kukan Mai Sankarar Mama Ba Raunin Imani Ba Ne



'Yan uwa masu ziyartar wannan shafi, yau zan yi magana ne a kan wata tambaya da aka yi mini bayan an tashi daga ajin matan aure a Islamiyyarmu. Mai tambayar ɗalibata ce, uwar yara huɗu, wadda aka cire wa nono ɗaya saboda sankarar mama, kuma tana tsakiyar karɓar kemo. Ta jira kowa ya watse, sannan ta ce: "Malama, da safe ina gode wa Allah, da dare kuma ina kuka har asuba. Ko dai imanina ne ya yi rauni?" Da na bi diddigi sai na gane cewa wata ce daga cikin masu dubiya ta tarar da ita tana hawaye, ta ce mata mumini ba ya haka.

Wannan magana kuskure ce, kuma mu masu karantarwa muna da kaso a cikin laifin, domin mun koyar da falalar haƙuri ba mu koyar da ma'anarsa ba. Malamai sun bayyana cewa haƙuri shi ne mutum ya tsare zuciyarsa daga fushi da hukuncin Ubangiji, ya tsare harshensa daga munanan kalamai, ya tsare hannunsa daga marin fuska da yaga tufafi. Babu hana hawaye a cikin wannan. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne dai wanda ya yi alkawarin kyakkyawan haƙuri. Nana Maryam, da naƙuda ta kai ta gindin dabino, sai da ta yi fatan da ma ta mutu kafin ranar, amma abin da ya zo mata lallashi ne da ruwa da ɗanyen dabino, ba zargi ba. Manzon Allah (SAW) kansa ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim. To wace ce ni da zan auna imanin baiwar Allah da yawan hawayenta?

Akwai kuma abin da masu dubiya ba su sani ba: wani ɓangare na wannan hawa da sauka daga maganin kansa yake. Galibi ana ba da kemo ne zagaye-zagaye, bayan kowane mako 3. Kwanakin farko jiki ya mutu, ga tashin zuciya, ga ɗacin baki. Mako na uku sai ta fara farfaɗowa, ta yi dariya, ta shiga madafi, sai kuma ranar komawa ta zo a sake daga farko. Gashin kai kan fara zuba cikin mako 2 zuwa 3 da somawa. Wasu daga magungunan da ake haɗawa don rage amai suna hana barci, suna sa saurin fushi. Wadda aka ɗora a kan Tamoxifen kuwa za ta sha shi shekara 5 ko fiye, tare da zafin jiki da kan taso mata ba zato. Matar da kika gani ran Litinin tana fara'a, kika dawo ran Juma'a kika tarar ta juya wa bango fuska, ba munafunci take yi ba.

Sai dai abin da ya fi hana ɗalibata barci ba ciwon ba ne. Tsoron mutuwa ta bar yara ƙanana yana nan, amma wanda ta kasa faɗa wa kowa shi ne tsoron idon mijinta. Ba tsoron banza ba ne. Likitoci a Zariya sun bibiyi matan aure 81 da aka cire wa nono, suka buga sakamakon a 2010: bayan shekara 3, kimanin 38 cikin ɗari aurensu ya mutu ko sun rabu da mazajensu. Ku matasa da ke karanta wannan, waɗansunku angwaye ne, waɗansu suna shirin zama. Ku tambayi kanku tun yanzu. Har wata uwar miji na ji tana shawarar a ƙara aure alhali ɗinkin bai warke ba. Ba ina jayayya da halaccin ƙarin aure ba ne, amma halal ma tana da lokaci da ladabi, kuma zama da alheri umarni ne, ba a ɗauke shi ranar da lafiya ta tafi.

Wani zai ce tunatar da mara lafiya haƙuri ai wajibi ne. Na yarda. Amma "ki yi haƙuri" iri biyu ce: akwai wadda ake faɗa bayan an saurara, akwai wadda ake faɗa don a rufe baki a huta da jin abin da ba a son ji. Ta biyun ce ta fi yawa a ɗakunanmu. A bayanta kuma sai labarin wance da ta mutu da irin ciwon, sai wani mai magani da ake rantsuwa da shi, sai raɗe-raɗin sammu ne kishiya ta yi. Da irin waɗannan maganganu ne mata da yawa ke ɓoye ƙullutu watanni, ba sa zuwa asibiti sai abu ya yi nisa, alhali yawancin ƙullutun nono ma ba sankara ba ne. Addu'a da ruƙiyya ba su hana ganin likita, umarnin neman magani daga Sunna yake.

Iyaka ɗaya ce nake so a kiyaye. Idan baƙin cikin ya wuce mako 2 ba sassauci, ta daina ci, ta daina magana, ko ta fara ambaton gara ta huta da rayuwa, to wannan ciwon damuwa ne, yana da magani, a sanar da likitanta ba tare da jin kunya ba.

Ita kuwa ɗalibata, na ce mata ta yi sallarta a zaune ranar da ta kasa tsayuwa, ta sha azumi ta rama idan likita ya hana, kuma ta kai kukanta cikin sujada yadda take so. Muka raba kwanaki a aji: wata ta kai abinci ranar kemo, wata ta kwashi yara zuwa makaranta, wata ta raka ta asibiti. Zagaye biyu suka rage mata. Jiya ta aiko mini saƙo cewa ta sake yin kuka, amma ta ci tuwo.

Wassalam.