Mandi ya shigo Gusau, ina aka baro hoce?

A wani ɗaurin aure da na halarta a Gusau kwanan baya, da aka zo walima sai aka shigo da manyan farantai na shinkafa doguwa mai launin rawaya, an ɗora mata naman rago da ya dahu har yana saɓulewa daga ƙashi. Wani dattijo da ya zo daga Bunguɗu ya tambayi na kusa da shi sunan abincin, aka ce masa mandi ne, abincin Larabawa. Ya ci, ya yaba, sannan ya ce: "To, ba a yi tuwo ba?" Ba a yi ba. Tun ranar tambayar nan take yi mini yawo a rai.

Mandi ɗan ƙasar Yaman ne, daga yankin Hadramaut. Alhazanmu sun san shi ne a Makka da Madina, inda Yamalawa suka daɗe suna riƙe da gidajen abinci, shi ya sa da yawa suke ɗaukarsa na Saudiyya. Yadda ake yin na ainihi abin a tsaya a duba ne. Rami ake haƙawa kamar tanderu, a ƙona itace har ya zama garwashi, a sa tukunyar shinkafa a ƙasa, a jera nama a samanta, a rufe bakin ramin ruf yadda iska ba za ta shiga ba. Sa'o'i ake bari. Kitsen naman yana ɗiga cikin shinkafar, hayaƙi yana ratsa su duka. Sirrinsa wuta ce da haƙuri.

Da wannan ne nake auna girkin Yaman da na sauran ƙasashe. Faransa ta yi suna da man shanu da romo iri-iri da tsarin jera abinci. Indiya ta dogara da kayan ƙamshi, har wani lokaci sukan danne ɗanɗanon naman. Sin tana son wuta mai ƙarfi da suya ta 'yan mintuna. Bayamale kuwa yana barin nama ya yi ɗanɗanon nama. A wajen shinkafa da rago, a ganina, ko biriyanin Indiya bai kamo mandi ba. Ita kanta shinkafar ba a Yaman ake nomanta ba, ta teku take zuwa daga Indiya da Pakistan, hanyar da fataken Hadramaut da jiragen ruwa na tashar Adan suka daɗe suna bi. Sun karɓi kayan wani, sun yi masa dahuwar gidansu.

Amma mandi abincin biki ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abincinsu na yau da kullum, domin duk wanda ya tashi a Tsafe zai gane shi. Yaman ƙasar manoman dawa da gero ce, masu jiran damina kamar mu. Suna da asid: gari ake tuƙawa a ruwan zafi, a mulmula a kwano, a zuba romo, a kewaye shi a ci da hannu. Wannan ai tuwo ne. Suna da salta, wadda mutanen San'a ke ci da rana, romo ne da ake kawowa yana tafarfasa a cikin kaskon dutse, a zuba masa kumfar hulba da jajjagen barkono, a ci da gurasa. Hulbar da muke ajiyewa a matsayin magani, su miya suke yi da ita. Zumarsu mai tsada ta kwarin Do'an kuma daga furen kurna ƙudan zuma ke haɗa ta, kurnar da yaranmu ke jifa a bayan gari.

Idan aka zo batun miya, ban yarda sun fi mu ba. Kuka, kuɓewa, sure, lalo, karkashi, tafasa, zogale: kowane ganye da irin haɗinsa, ga daddawar kalwa da ke yin aikin da wasu ƙasashe sai da nama mai yawa suke samu. Ga kilishi da balangu da dambun nama. Ga fura da nonon da ke riƙe manomi tun hantsi har la'asar. Ga kuma hoce, gasasshen ƙullun dawa da aka san ƙasar Zamfara da Sakkwato da shi, a ci da ƙuli-ƙuli ko da miya, a ɗaure shi guzuri.

To, me ya sa nasu ya zagaya duniya namu yana ja da baya har a gida? Bayamale duk inda ya je, Jidda ko Dubai ko Amurka, yana buɗe shago ya rubuta sunan abincin garinsu yadda uwarsa ke kiransa. Mu kuwa da zarar mutum ya sami ɗan hali, abin da zai fara kora daga gidansa shi ne tuwon dawa, wai abincin ƙauye. Dubi Senegal: a 2021 hukumar UNESCO ta sa dafa-dukansu na shinkafa da kifi cikin al'adun duniya da ake karewa, shekara guda bayan ta sa kuskus na Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Muritaniya. Kuskus ɗan'uwan dambunmu ne. Masu shi ne suka tsaya masa.

Akwai kamanni ɗaya mai ciwo. Tun da 'yan Huthi suka kama San'a a 2014, yaƙi ya jefa miliyoyin Yamalawa cikin yunwa, ana cin mandi a manyan biranen duniya alhali ƙasar da ta haife shi tana jiran agaji. Mu ma jiharmu ta Zamfara da aka ƙirƙiro a 1996 tana taƙama da noma, yau akwai ƙauyuka a Tsafe da Bunguɗu da manomi ba ya isa gonarsa sai ya biya 'yan bindiga kuɗi, wani ma ko ya biya bai tsira ba. Ba a yin hoce sai da dawa, ba a samun dawa sai an je gona. Wannan nauyi yana wuyan hukuma.

Ragowar nauyin namu ne. Ban ce a daina mandi ba, ina son sa. Roƙona ga iyayen amare da masu girkin biki a Gusau shi ne, a walima ta gaba a ajiye tuwon dawa da miyar sure da hoce a gefen farantin mandi, a tsaftace su, a kawo su da zafinsu, a kuma gaya wa baƙi sunansu.