Tashar Helwan da Kuɗin Nisa

A kudancin birnin Alƙahira, a gabas da kogin Nilu, akwai tashar Helwan, inda layi na ɗaya na jirgin ƙarƙashin ƙasa yake tuƙewa. Sunan jirgin ne kawai na ƙarƙashin ƙasa a nan, domin a sarari yake tafiya, ba ya nutsewa sai ya shiga tsakiyar birni. An buɗe wannan layi a shekarar 1987, shi ne na farko a nahiyar Afirka, kuma an ɗora shi ne a kan tsohon layin dogo da ya daɗe yana haɗa Helwan da Alƙahira.

Wanda ya dubi taswira zai ɗauka Helwan wutsiya ce kawai. Amma da asuba daga nan jirgi yake fara ɗaukar ma'aikata da ɗalibai da masu ƙananan sana'o'i, ya bi da su ta Ma'adi har tashar Sadat da ke ƙarƙashin dandalin Tahrir, inda wasu suke sauyawa zuwa layi na biyu. Helwan gari ne na masana'antu, kuma tun da aka rufe babban kamfanin ƙarafa na garin a 2021, aiki a kusa da gida ya ƙara wuya. Saboda haka jirgin nan ba na yawon shan iska ba ne.

Shekara da shekaru kuɗin tikiti ɗaya ne, fam ɗaya, ko ina mutum zai sauka. A 2017 ya koma fam 2. A watan Mayu na 2018 kuwa aka ɗaura shi da nisa: fam 3 zuwa tasha tara, fam 5 zuwa tasha goma sha shida, fam 7 ga abin da ya wuce haka. An sake ƙarawa daga baya, amma kuɗin ya ci gaba da ɗaure da nisa.

Hujjar hukuma ba ta banza ba ce. Layin ya tsufa, gyara kuwa kuɗi yake ci, kuma an bar wa ɗalibai rangwame. Sai dai a duba wanda nauyin ya faɗa wa. Daga Ma'adi, unguwar masu hali da baƙin Turawa, tasha takwas ce zuwa Tahrir, wato kuɗi mafi ƙanƙanta. Daga Helwan tasha goma sha takwas ce, wato mafi tsada a tsarin 2018. Galibin masu zama a ƙarshen layi ba sha'awa ce ta kai su can ba, tsadar haya ce ta hana su matsowa. Sun riga sun biya da lokacinsu, safe da yamma, sannan a ce su sake biya da aljihu. In har dole ne a yi ƙari, ya fi dacewa a raba shi daidai a kan kowa, kamar yadda aka yi a 2017.