DAMI NA GOMA

Idan kaka ta yi a ƙasar Adar, aka yanke hatsi aka ɗaure shi aka jera a bakin gona, akwai wani ƙirge da ko yaron da bai shiga lakwal ba ya iya shi: a ƙirga dami tara, a janye na goma a aje shi gefe guda. Mafi yawan masu karanta wannan shafi sun san inda damin nan yake zuwa, domin zakka ce, kuma sun tashi sun tarar da iyayensu suna fidda ta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a wasu ƴan gidaje na gundumomin Madawa da Buza da Keita akwai masu yin irin wannan ƙirge su ma, amma majami'a suke kai damin. Su ne Kiristocin yankin. Ba su da yawa, domin ƙidayar jama'a ta shekara ta 2012 ta nuna cewa Kiristoci ba su kai kashi 1 bisa 100 na al'ummar Nijar ba, a karkara kuwa sai an tona kafin a same su. Da Hausa suke sujada, kuma abin da suke fiddawa zakka suke ce masa, ko kuwa ushiri.

Sunan ɗaya ne, amma nauyin ya bambanta. Manomi Musulmi yana da nisabi: sai amfanin gonarsa ya kai ausuƙi 5, wato sama da kilo 600, kafin zakka ta hau kansa. In ruwan sama ya shayar da gonar ya fidda ɗaya bisa goma, in da wahalarsa ya yi ban-ruwa ya fidda rabin haka. A mazhabar Malikiyya ma ba a fidda wa albasa da sauran kayan lambu zakkar amfanin gona. Shi kuwa Kirista, yadda ake yi masa wa'azi a majami'u da dama, ba shi da wani nisabi. Ɗaya bisa goma ne na duk abin da ya shigo hannu, hatsi ne ko wake, kuɗin albasa ne ko albashi, har da abin da ɗa ya aiko daga Abijan. Wanda ya ɗaure dami 400 zai ba da 40 ya kwana da ƙoshi. Wanda ya ɗaure 40 zai ba da 4, alhali huɗun nan tuwon iyalinsa ne na kwanaki masu yawa.

A ɗauki misalin magidanci guda a ƙasar Babankatami, cikin gundumar Buza. Gonarsa tana kan tudu mai duwatsu, irin wanda ya cika ƙasar Adar-Dutsi. A ce ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi yake fidda kai, sai ya tashi da dami 40, ga baki tara a gida. Tun cikin watan Agusta, da rumbu ya ƙare, ya riga ya karɓi hatsi wajen wani ɗan kasuwa bisa sharaɗin zai biya da kaka. Kuma kowa ya san cewa tiyar Agusta da tiyar kaka ba kuɗinsu ɗaya ba, saboda haka abin da zai mayar ya fi abin da ya ci nesa. Ana cikin haka sai aka sanar a majami'a cewa ranar Lahadi kaza ce ranar godiya ta kaka, kowa ya kawo nasa.

To, a nan ne barci yake ƙaurace masa. Ushirin yana kan abin da gona ta bayar ne, ko kuwa kan abin da ya saura bayan mai bashi ya kwashi nasa? Uwargida, wadda ita ce take auna hatsin sussuka kowace safiya, ta riga shi gama lissafi: ta san watan da rumbun zai yi ƙara, ta kuma san dami huɗu za su jawo ranar nan kusa. Ba za ta hana shi ba. Iyakarta ta ce, "Maigida, ka dai duba yaran nan," ta ci gaba da aikinta.

Lissafin hatsi ma da sauƙi a kan abin da yake cin zuciyarsa. Tun yana yaro ake karanta masa sura ta 3 ta littafin annabi Malakai, inda aka kwatanta hana ushiri da yi wa Allah ƙwace, aka kuma yi alkawarin albarka da tsare amfanin gona ga mai bayarwa. Ya yarda, ya kuma yi ta bayarwa. Amma a shekara ta 2004 ƙarancin ruwa da farin dango ba su tsallake gonar mai ushiri sun faɗa ta maƙwabcinsa ba, kuma yunwar 2005 da ta biyo baya, wadda ta cika wuraren jinyar yara masu tamowa a jihohin Tawa da Maraɗi, ba ta tambayi kowa addininsa ba. Haka ta sake faruwa a 2010. Mutumin da aka koya masa cewa bayarwa garkuwa ce, sa'an nan kibiya ta same shi, hanya biyu ce take buɗe masa, kuma dukkansu masu ɗaci ne: ko ya ce alkawarin bai cika ba, wanda bakinsa ba zai iya furtawa ba, ko kuwa ya ce shi ne mai wani laifi a ɓoye. Yawanci ta biyun yake ɗauka. Ga yunwa, ga zargin kai.

Daga nan sai kunya ta karɓi aiki. A babbar majami'a ta Yamai mutum yana iya zama a baya, kwanon baiko ya wuce shi ba wanda ya lura. A majami'ar ƙauye mai mutum goma sha biyar babu baya. Kowa ya san gonar kowa, kowa ya ga wanda ya shigo da dami a ka da wanda ya shigo hannu rabbana. Sai ya ƙi zuwa ranar godiyar, ya ce ciwon baya. Lahadi mai zuwa ya ce kasuwa. Kafin a ankara rani ya yi, ya bi sahun ƴan ci-rani kamar yadda mazan Adar suka saba, kuma ba lalle ne inda ya sauka ya nemi majami'a ba. Wanda ya jure zama ɗan tsiraru a garinsu shekara da shekaru, ya jure gorin dangi da wahalar samar wa ƴaƴansa aure, dami huɗu ne suke raba shi da masu bi ƴan'uwansa.

Mai karatu zai iya cewa, ai laifin fasto ne da ya matsa. Kafin a yanke masa hukunci, ya kamata a leƙa tukunyarsa. Mishan ta SIM, wadda ta sauka Damagaram a shekara ta 1924, ta zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, ta kuma buɗe asibitin Galmi a 1950, tana da wata manufa da ta riƙe da ƙarfi: ikilisiyar ƴan ƙasa ita za ta ɗauki nauyin kanta, ba za a riƙa biyan masu wa'azinta daga waje ba. Da aka kafa ikilisiyar EERN a farkon shekarun 1960, a kan wannan tushe ta tashi. Manufar tana da kyau ta wani gefen, domin wanda yake ciyar da kai shi ne yake juya ka. Sai dai sakamakonta a ƙauye shi ne, mai bishara ba shi da albashin da yake jira ƙarshen wata. Gonarsa yake nomawa kamar kowa, ruwan da ya ɗauke wa jama'arsa ya ɗauke masa, kuma abin da zai cike giɓin yana cikin dammunan nan na goma. Idan ya tsaya ranar Lahadi yana wa'azin ushiri, ya san masu sauraro sun san cewa abincin darensa yake magana a kai. Shi ma da tasa kunyar.

Ma'aikatan gwamnati ba baƙi ba ne ga irin wannan tambaya. Sau da yawa ƙaramar majami'a a garuruwan nan tana jingina ne da albashi ɗaya ko biyu: wani mushen lakwal, ko ma'aikacin likita da aka turo daga Maraɗi ko Dogon Dutsi. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990 ba su manta ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100, magani da kayan waje suka hau, albashi kuwa sai a yi watanni a jere ba a gan shi ba. A lokacin ne da yawa suka shiga a-ci-ba-daɗi, su karɓi kaya bashi da tsada su sayar da arha don a ɗora tukunya. Yaya mutum zai fidda ushirin albashin da yake kan takarda kawai? Ranar da aka biya shi kuwa, masu bashi sun riga majami'a isa ƙofar gida. Ƴan kasuwa ma sun ɗanɗani tasu a 2023, lokacin da CEDEAO ta rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli, motocin albasa suka yi cirko-cirko a hanya, kaya suna ruɓewa, har zuwa watan Fabrairu na 2024 da aka ɗage takunkumin. Wanda ya zuba jarinsa a fadamar Tarka ko ta Majiya ya tashi da asara, riba ce ba shi da ita balle ushirinta.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne wani salon wa'azi da ya ƙetaro daga manyan majami'un kudancin Najeriya, da fari a kaset, daga baya a cikin wayar salula. Wa'azin yana cewa ushiri iri ne: shuka jika ɗaya, ka girbi goma, in kana cikin talauci, to rowarka ce ta jawo. Duk ɗan kasuwar da ya ji wannan ya san harshen, domin harshen kasuwa ne, sai dai a kasuwa in aka karɓi kuɗinka ba a ba ka kaya ba kana da inda za ka kai ƙara. A nan kuwa mai asara shi ne kuma mai laifi. Har a can Najeriyar maganar ta jawo gardama mai zafi, kuma a watan Oktoba na 2024 Fasto Enoch Adeboye, shugaban majami'ar Redeemed, ya fito fili ya nemi gafara kan furucin da ya taɓa yi cewa wanda ba ya biyan ushiri ba zai shiga aljanna ba, ya ce ba haka yake a Littafi Mai Tsarki ba. Furucin farko ya daɗe da isa ƙauyuka. Ko neman gafarar zai bi sawunsa har can, wannan wata magana ce.

Alhali kuwa littafin da Kiristoci suke riƙe da shi bai tsaya kan sura guda ba. A Maimaitawar Shari'a, sura ta 14, an umarta cewa kowace shekara ta uku a tara ushiri cikin gari domin Lawiyawa da baƙi da marayu da gwauraye su ci su ƙoshi. Ke nan matalauci yana cikin masu cin ushiri tun asali. Manzo Bulus kuma, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, sura ta 8 da ta 9, ya nuna cewa ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, da yardar rai ba da tilas ba, kuma ba a nufin a sauƙaƙa wa wasu a jefa wasu cikin ƙunci. Wannan shi ne nisabin Kirista, ko da ba a auna shi da kilo ba. Mai wa'azin da ya karanta Malakai ya rufe littafin bai yi wa jama'arsa adalci ba.

Kada a ɗauka cewa magidancin nan na Babankatami so yake a yafe masa bayarwa baki ɗaya. A ce wa mutum, kai ba ka da komai, zauna kawai, wani wulaƙanci ne na dabam, kuma Bahaushe ya fi jin zafinsa a kan yunwar wuni. Abin da yake bukata shi ne hanyar da zai bayar ba tare da ya zare lomar bakin ɗansa ba. Mutanen wannan ƙasa sun san darajar ƙarfin jiki: tun daga 1984, a aikin raya karkara na Keita da ƙasar Italiya ta ɗauki nauyinsa, mata ne mafi yawa suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka suna tare zaizayar ƙasa, ana biyan su da abinci. In wunin aiki yana sayen tiyar hatsi, to wuni uku na noma a gonar mai bishara, ko yaɓen ɗakin sujada kafin damina, me zai hana a rubuta shi cikin littafin ma'aji a matsayin baiko? Matan zumunta ma suna da tasu dabarar, ta ware ɗan tafin hannu na hatsi lokacin daka, wanda ba ya hana kowa ƙoshi amma a wata yana cika ƙwarya.

Sauran aikin na dattawan ikilisiya ne. In dammunan godiya suka shiga rumbun majami'a, jama'a suna da haƙƙin su ji nawa suka shiga, nawa aka ba mai bishara, nawa aka sayar, nawa kuma aka aje. Bankunan hatsi da aka yi ta kafawa a ƙauyuka bayan yunwar 1984, wadda mutane suke kira El-Buhari, sun koyar da darasi: inda ake karanta lissafi a bainar jama'a banki yana daɗewa, inda mutum biyu suka riƙe makulli da littafi, shekara kaɗan ne sai labari. Rumbun majami'a da yake buɗewa a watan Agusta ya auna wa gwauruwa da wanda damina ta ci amanarsa, ba sai an yi dogon wa'azi kafin a cika shi da kaka ba, domin mai kawowa ya san wata rana shi za a auna wa.

Kafin a kai ga wannan duka, akwai wanda Lahadi uku ke nan ba a ga fuskarsa ba. Fasto ya san gidan. Sai ya bari rana ta yi sanyi ya taka har can, ya yi sallama, ya zauna kan tabarma, ya yi masa barka da kaka, ya tambayi lafiyar uwargida da yara da ciwon bayan nan, ya sha ruwan da aka kawo masa, ya tashi ba tare da ya ta da maganar dami ba.