Kafin Ka Zaɓi Waya, Fara Zaɓar Sabis



Akwai wata asara da jama'armu ke tafkawa shiru-shiru. Ba a kai ƙararta gaban Sarkin Hausawa saboda kunya, ba a kuma saka ta cikin lissafin asarar kasuwa. Ita ce asarar sayen waya. Mutum zai tara kuɗin wata uku ko huɗu, ya shiga Computer Village a Ikeja, ya fito da waya mai sheƙi da kyamara uku a bayanta. Yana saka layinsa sai ta ce ba ta san zancen ba. Wata kuma za ta karɓi layin, ta yi aiki lafiya lau a Legas, amma ranar da aka je gida hutun Sallah sai ta koma agogo da tocila.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake: mun juya lissafin. Muna fara zaɓar waya, sannan mu nemi sabis ɗin da zai ɗauke ta. Kamata ya yi mu fara sanin sabis ɗin da ke aiki a inda muke neman abinci da kuma inda iyalanmu suke, sannan mu nemi wayar da ta dace da shi.

Wani zai ce ai waya ce kawai, me ya yi zafi? To, ga wanda ke zaune nesa da gida, waya jari ce. Da ita dillalin shanu ke jin inda tirela ta kwana. Da ita mai albasa da tumatir ke jin farashin Kano da Sakkwato kafin ya yanke nasa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mai shayi da mai gyaran takalmi ma sai da suka koma karɓar tiransifa, kuma wanda alat bai shigo masa ba ya san yadda ake tsayawa da kwastoma ana kallon-kallo. Idan an kai mahaifiya asibiti a ƙauye, wannan wayar ce za ta kawo labari, ita ce kuma za ta aika kuɗin magani. Abin da ya ɗauki wannan nauyin bai kamata a saye shi don kyan baya kawai ba.

Manya a cikinmu sun ga irin wannan darasin a baya. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, kuma a watan Agustan shekarar MTN da Econet suka fara aiki. Econet ɗin ce ta yi ta canza suna har ta zama Airtel. Glo ta shigo a 2003 da cajin kira na daƙiƙa-daƙiƙa, Etisalat ta biyo a 2008. Amma a gefe guda akwai wasu kamfanonin da suka bi wata fasahar daban mai suna CDMA: Starcomms, Multi-Links, Zoom da Visafone. Kiransu ya fi araha, shi ya sa shaguna da ofisoshi da masu sana'ar buga waya a bakin titi suka rungume su.

Bambancin fasahohin biyu shi ne ya yanke hukunci. A tsarin GSM lambarka tana cikin ɗan katin sim, ka cire shi ka saka a kowace waya, ka ci gaba da harkarka. A tsarin CDMA kuwa, yawanci a jikin wayar ake rubuta lambar, wayar da kamfanin kamar an ɗaura musu aure ne. Wayar Starcomms ba ta ɗaukar layin MTN, ta MTN ba ta ɗaukar na Starcomms. Da duniya ta karkata ga GSM, masu ƙera waya suka bi inda kasuwa take, kamfanonin CDMA suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, har MTN ta saye Visafone a farkon 2016. Wayoyin da mutane suka kashe wa kuɗi suka koma abin wasan yara, ba don sun lalace ba, sai don sabis ɗin da suke ji ya mutu.

A Amurka, inda wayoyin tokunbo da yawa ke fitowa, abin ya fi haka tsanani. Verizon da Sprint sun yi amfani da CDMA, AT&T da T-Mobile suka yi GSM. Lokacin da iPhone ta fito a 2007, a kan AT&T kaɗai ake samunta, sai a watan Fabrairun 2011 Verizon ta samu tata, wadda ko gurbin sim babu a jikinta. Yau rigimar CDMA ta ƙare a can, domin Verizon ta kashe nata a ƙarshen 2022. Amma al'adar da ta haifar tana nan: kamfanin sadarwa ne ke sayar wa mutum waya a kan biya kaɗan-kaɗan, ya kulle ta a kan layinsa har sai an gama biya. Mu a Najeriya mun yi sa'a, waya daban muke saye, layi daban. Wayoyin Tecno da Infinix da itel masu sim biyu sun samu karɓuwa ne saboda sun fahimci cewa ɗan Najeriya ba ya dogara da layi ɗaya. Wannan 'yanci ne babba. Abin takaici, da kuɗinmu muke zuwa mu sayo ƙangin wata ƙasa mu saka a aljihu.

Kulle-kullen nan iri-iri ne, kuma ya kamata kowa ya san sunansu. Na farko shi ne na kamfanin sadarwa, wanda na ambata. Wasu masu shago kan saka wani siririn cif a ƙarƙashin sim don yaudarar wayar, ta yi aiki na ɗan lokaci. Da zarar an sabunta manhajarta ko an canza layi, tana iya komawa gidan jiya. Na biyu shi ne kullen mai wayar na asali, wato asusun iCloud a iPhone ko asusun Google a Android. Idan bai cire ba, ranar da aka wanke wayar za ta nemi kalmar sirrinsa, kuma babu mai gyaran da zai ba ka ita. Na uku sabo ne: tun daga iPhone 14 da ta fito a watan Satumban 2022, waɗanda aka yi don kasuwar Amurka ba su da gurbin sim kwata-kwata, sai eSIM, wato layin da ake ɗora wa waya ba tare da kati ba. MTN da Airtel suna bayar da shi, amma ka tambayi kanka: idan wayar ta faɗi a ruwa kana ƙauye, me za ka cire ka saka a ƙaramar wayar ƙaninka? Na huɗu kuma na gida ne. Wayoyin da ake bayarwa bashi a biya kullum ko duk mako suna da manhajar da ke rufe su idan an yi jinkirin biya. Wanda ya karɓa da saninsa, wannan tsakaninsa da aljihunsa ne. Amma akwai masu karɓa su sayar kafin su gama biya, mai tsautsayi ya saya, bayan kwana biyu allo ya rufe.

Ko wayar ba ta da kulle ko ɗaya, da sauran magana, kuma a nan ne aka fi cutuwa. Duk wanda ya taso da rediyo ya san akwai gajeren zango, akwai matsakaicin zango, akwai FM. Rediyon da ba ta da gajeren zango ba za ta kama tashar da ke can ba, komai tsadarta. Haka waya take. Kowane kamfani yana da zangon da ƙarfen sabis ɗinsa ke watsawa a kai, kowace waya kuma tana da zangunan da aka ƙera ta ta ji. A 4G na Najeriya ana amfani da 700 da 800 da 1800 da 2600, waɗanda a takardar bayanin waya ake rubuta su da lamba 28 da 20 da 3 da 7. Lokacin da Glo ta fara 4G a 2016 a kan 700, mutane da yawa masu wayar 4G sun saka layin suka ga shiru, domin wayoyinsu ba su da lamba 28. Abin da ya ja hankalin MTN ga Visafone ma shi ne zangon 800 da ke hannunta.

Dalilin da ya sa ake rububin ƙananan lambobin nan shi ne sun fi tafiya nesa, sun fi ratsa bango. Manyan lambobi kamar 2600 suna ɗaukar data mai yawa, amma ba sa nisa, shi ya sa suka fi dacewa da cunkoson birni. Wannan ne ya sa waya za ta yi gudu a Ikeja, ta je bayan gari ta kasa buɗe saƙon murya. Wayoyin Android masu araha da aka yi don kamfanonin Amurka, da wasu da aka yi don cikin China kaɗai, sau da yawa ba su da 20 ko 28. Idan ka ga harafin E a saman allo, alhali na kusa da kai mai layi irin naka yana ganin 4G, kada ka zagi kamfani. Wataƙila wayarka ce ba ta jin yaren.

Sai batun 5G, wanda ya zama abin ado a bakin masu talla. A watan Disamban 2021 MTN da Mafab suka ci gwanjon zangon 3.5GHz a kan dala miliyan 273.6 kowannensu. MTN ta fara a 2022, Airtel ta biyo a 2023. Fasaha ce mai sauri, babu musu. Amma zangonta babba ne, ba ya nisa, kuma a wasu unguwannin manyan birane aka fi samunta. Ga mai WhatsApp da tiransifa da kiran bidiyo zuwa gida, 4G mai kyau ya wadatar. Ƙarin kuɗin da za ka biya don tambarin 5G, da ka saka shi a batir mai ƙarfi da wurin ajiya mai yawa, da ya fi maka amfani a rumfar da ba ta ganin wuta sai dare.

Na san akwai masu cewa wayar tokunbo ta fi sabuwa mai araha ƙarko, kuma da gaskiyarsu. Tsohuwar Samsung ko iPhone mai asali, wadda aka buɗe ta daga kamfani, tana iya shekaru tana aiki, kuma irin waɗannan manyan wayoyin galibi suna da zanguna masu yawa. Ba kuma duk mai shago ne macuci ba. Da yawansu 'yan uwanmu ne, wasu ma su kansu a rufe suka sayo kayan daga dila. Ba cewa nake a daina sayen ta hannu ba. Cewa nake a daina saye ido rufe, domin araha ba ta ado idan bayan mako guda za ka koma kasuwa.

Ga abin da nake ba da shawara. Kafin ka bar gida, kira mutanen garinku ka tambaya wane layi ne ke kawo 4G a can, ka kuma lura da wanda ke aiki a cikin rumfarka, ba a bakin titi ba. Ka tafi kasuwa da waɗannan layukan biyu. A gaban mai shago ka saka kowanne, ka buga kira, ka kunna data, ka ga 4G ko LTE da idonka, da layinka ba nasa ba. Ka duba gurbin sim ko an ɓoye cif. Ka sa a wanke wayar gaba ɗaya a gabanka, a kunna ta daga farko, don ka tabbatar babu asusun wani a kanta. Ka danna *#06#, lambar IMEI za ta fito, ka gwada ta da ta jikin kwali idan akwai, sannan a rubuta ta a rasit tare da sunan shago da kwanakin garanti. Rasit ɗin nan shi ne zai cece ka ranar da aka ce wayar ta sata ce. Mai shagon da ya ƙi yarda da gwaji ya riga ya ba ka amsa, ka kama gabanka.

Idan kuma matsalar daga layin ne ba daga wayar ba, tun watan Afrilun 2013 NCC ta ba da damar mutum ya koma wani kamfani da lambarsa ba tare da ta canza ba. Ofishin kamfanin da kake son komawa za ka je da shaidarka. Babu dalilin da zai sa ka zauna da sabis ɗin da ba ya kai wa ga mahaifiyarka don tsoron kada kwastomomi su rasa lambarka.

A ƙarshe ina da roƙo ga shugabannin ƙungiyoyinmu da sarakunan kasuwanni. Muna da matasa masu gyaran waya a kusan kowace unguwa da Hausawa ke zaune. A zaɓi amintattu biyu ko uku a kowane yanki, a sanar da su, ta yadda baƙon da ya sauko daga mota jiya, wanda ba ya jin Turanci ko Yarbanci, zai samu mai raka shi kasuwa a kan ɗan abin goro. Yadda ba ma barin sabon zuwa ya sayi sa ba tare da wanda ya san haƙori ba, haka bai kamata mu bar shi ya sayi wayar dubu ɗari biyu shi kaɗai ba. Matambayi ba ya ɓata, amma sai an tanadar masa wanda zai tambaya.

Ku faɗa mana a ƙasa: a garinku wane layi ne ya fi kamawa, kuma wace waya ce ta riƙe ku amana a can? Amsarku za ta iya hana wani ɗan uwa asara. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya kai mu gida lafiya.