Da Wane Baki Za Mu Koma Gida?

'Yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, ina neman aron kunnuwanku a kan wani abu wanda muke aikatawa kullum, amma ba mu cika zama mu auna shi ba, wato zaɓen harshen da za mu yi wa mutum magana da shi. Ra'ayina shi ne, duk sa'ad da mai harshe biyu ko uku ya buɗe baki, tun kafin ya faɗi abin da ke ransa ya riga ya shaida wa mai sauraronsa matsayin da ya ajiye shi: ko ɗan'uwa ne, ko baƙo, ko kuwa wanda bai isa a yi shawara da shi ba.

Bari in fara da laifin kaina, don kada a ce na zo nuna wasu da yatsa. A wani dogon hutu na sami aikin wucin gadi a wani ofis. Ran nan sai ga wani dattijo daga wani ƙauye na wajen Birci, cikin ƙasar Kurfi, ya zo a kan maganar takardar gonarsa. Tun bayan asuba ya baro gida. Ya yi sallama, ya shiga gaisuwa irin ta manya, ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya tambayi iyaye. Na amsa masa a taƙaice, na karɓi takardar, na juya wajen abokin aikina, wanda shi ma ɗan ƙasar nan ne, muka shiga tattauna al'amarin da Turanci. Muka daɗe muna yi, dattijo yana tsaye, ya dubi wannan ya dubi wancan. Da muka gama na ce masa, "Baba, sai mako mai zuwa." Ya naɗe takardarsa a hankali, ya sa aljihu, sa'an nan ya ce, "Ɗana, na ga dai maganata kuke yi, amma ko kalma guda ban ji ba. Mi na yi maku?"

Na rasa amsa, domin babu wani asiri cikin abin da muka faɗa, babu kuma kalma ɗaya da Hausa za ta kasa ɗauka. Mun zaɓi Turanci ne kawai don ya ƙara wa teburin da ke tsakaninmu da shi faɗi. Gonarsa ce, guminsa ne, amma muka mai da shi ɗan kallo.

Kada mai karatu ya zaci gaba nake yi da Turanci. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, garin ya cika da ɗalibai da malamai daga kowane sashe na Nijeriya. Bahaushe da Bayarabe da Tibi da ke ɗaki ɗaya dole su nemi harshen da zai haɗa su, kuma Turanci ya yi mana wannan rana. Da shi muke karatu, da shi za mu rubuta jarrabawa. Amma ku lura da wani abin mamaki. Ɗan kasuwar da ya zo daga Kudu ya buɗe kanti a bakin tasha, kafin shekara ta kewayo ya iya ciniki da gaisuwa da Hausa, domin yana son mutane su matso kusa da shi. Mu kuwa da aka haifa cikinta muna ajiye ta a ƙofar ofis, domin muna son mutane su ja da baya. Ashe laifin ba na harshe ba ne, na niyyar mai magana ne.

Ko a cikin Hausar ma akwai wani bambancin da muka ƙirƙiro. Daidaitacciyar Hausa, wadda muke karantawa a littattafai, aikin mutane ce, kuma tarihinta sananne ne. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 Malam Abubakar Imam yana editanta, ta yaɗa ta. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta gyara ƙa'idojinta, taron Bamako na 1966 kuma ya duba yadda za a daidaita rubutu tsakanin ƙasashe. An gina ta galibi a kan karin harshen Kano, kuma lalle ta yi amfani, domin ta sa mutumin Sakkwato da na Bauci suna karanta takarda ɗaya. Amma fa ƙa'idar rubutu aka kafa, ba a kafa kotun da za ta hukunta bakin iyayenmu ba.

Duk da haka sau nawa muka ga ɗalibi ya dawo hutu Wurma ko Karofi ko Makera, yana murmushi a ɓoye idan kakarsa ta ce "munka zamna", ko ta ƙidaya ta ce "biyal"? Sau nawa muka ga saurayi ya gyara "ranka shi daɗe" ya mai da shi "ranka ya daɗe", ba don a fi gane shi ba, sai don kada a ce baƙauye ne? Katsinanci ba gurɓatacciyar Hausa ba ce. Karin harshe ne mai asali, wanda idan ka ƙetare iyaka ka shiga Maraɗi za ka tarar ana yin irinsa, domin can zuriyar sarakunan Katsina na dauri suka koma suka kafa mulki bayan jihadi. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba ƙasa, amma ba ta iya raba baki ba. Abin da Turawa suka kasa, kada mu ƙarasa musu shi da kunyar banza. Wanda ya ji kunyar karin harshen uwarsa, wata rana zai ji kunyar uwar.

Akwai kuma Fulatanci, wanda maganarsa ta fi zafi. Ƙasar Dutsin-Ma ta Hausawa da Fulani ce tun kaka da kakanni, gidan sarautar 'Yandaka ma na Fulani ne. Fulanin gari da yawa sun daɗe da komawa Hausa, harshen ya fi saura a rugage. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari, na zauna da abokan karatu waɗanda idan mahaifiyarsu ta kira su a waya cikin mota sai su amsa da Hausa, su yi sauri su kashe, don tsoron irin kallon da za a yi musu. Ku dubi girman wannan asara. Yaron da bai taɓa cutar kowa ba yana ɓoye harshen da aka yi masa tawai da shi. Ranar da harshe ya zama shaidar laifi, ranar maƙwabtaka ta fara mutuwa, kuma sulhu ba ya yiwuwa tsakanin mutanen da ɗayansu ke tsoron a ji muryarsa. Mu da muke taƙama da ilmi, mu ya kamata mu fara koyon ko da gaisuwa ce da Fulatanci, mu yi ta a bainar jama'a.

Na san abin da wasu za su ce: wai Hausa ba ta da kalmomin aikin zamani. Wannan uzurin malalaci ne. Tsarin mulkin 1979 ya ambaci Hausa cikin harsunan da za a iya gudanar da aikin Majalisar Tarayya da su idan an yi tanadi, na 1999 ma ya maimaita. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake ba da labarin siyasa da tattalin arziki da kimiyya. Ana yin digiri har na uku a kan Hausa a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello. Malamin asibitin da ya kasa bayyana wa tsohuwa hawan jini da harshenta, ko malamin gona da ya kasa yi wa mai noman rani a bakin madatsar Zobe bayanin taki, to, ya binciki kansa, wataƙila shi ma haddacewa ya yi bai fahimta ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Muna da abin koyi a gida. Marigayi Alhaji Ahmadu Kurfi shi ne babban sakataren hukumar zaɓe ta ƙasa lokacin zaɓen 1979, ya rubuta littattafai da Turanci, daga baya kuma ya zama Maraɗin Katsina, hakimin Kurfi. Hakimi kuwa ba da Turanci yake sauraron talakawansa ba. Wato mutum yana iya kai ƙololuwar boko, ya dawo ya zauna inda manomi zai kawo kuka da bakin da ya saba, ba tare da ɗayan ya rage wa ɗayan daraja ba.

Abin da nake roƙo ba mai wuya ba ne. Idan ana maganar mutum a gabansa, a yi ta da harshen da yake ji. Idan dole ta sa an yi Turanci, a juyo a fassara masa kafin ya tashi. Idan dattijo ya miƙo doguwar gaisuwa, a amsa masa ita cikakkiya, a ce masa "ku", a kira shi Baba da zuciya ɗaya. Idan an rubuta daidaitacciyar Hausa a takarda, a bar Katsinanci ya sha iska a zaure da tsakar gida. Idan kuwa akwai baƙo a wurin wanda ba ya jin Hausa, shi ma haƙƙinsa ne kada a rufe shi waje, domin abin da ya yi wa dattijon Birci ciwo shi ne zai yi wa ɗalibar da ta zo daga Inugu.

Gumin irin wannan dattijo ne ya gina azuzuwan da muke zama. Gobe mu ne akawu, mu ne alƙalai, mu ne likitoci, kuma ire-irensa za su zo su tsaya a gaban teburinmu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni dai har yau ban sami amsar tambayarsa ba, ina kuma fata kada wani daga cikinku ya bari a yi masa irinta. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya haɗa mana shi da ladabi.