FILIN ANTI: Ƙanwarki Ba Daƙiƙiya Ba Ce

A wannan fitowa na ɗan ajiye zancen samari da kwalliya a gefe, kada ku yi fushi da Anti, domin akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke koya wa ƙannenmu lissafi.

Ke ma kin sani, a yawancin gidajenmu ke ce malamar dare. Inna tana fama da tukunya, Baba bai dawo daga kasuwa ba, to wa za a miƙa wa littafi in ba Yaya ba? Yarinya 'yar aji 4 ko 5 ta haddace sau tun daga 2 har 12, ta iya tarawa ta iya ɗebewa, amma da an zo kan lissafin nan mai zuwa cikin labari sai ta yi zuru tana tauna fensir. Daga nan sai ranƙwashi, sai "ke dai daƙiƙiya ce". Wallahi kalmar nan zama take yi a zuciyar yarinya. In ta faɗi jarrabawar shiga sakandare sai a ce dama boko ba nata ba ne, a ɗora mata faranti a ka, shi ke nan an rufe babinta.

Alhali kuwa wannan da ake zagi, ki aike ta kasuwa ki ga ko akwai mai iya cutarta da naira 10. A 1985 wasu masana suka buga wani bincike da suka yi a birnin Recife na ƙasar Barazil a kan yara biyar masu sayar da kwakwa da makamantanta a bakin titi. Da aka riƙa yi musu tambaya a wajen ciniki, sun ci kusan kashi 98 cikin 100. Da aka ba su irin lissafin a takarda cikin labari suka ci kashi 74, da aka ba su lambobi tsirara kuwa sai suka faɗo 37. Kin ga ke nan labari taimakon yaro yake yi, muddin ya gane abin da ake faɗa.

To a nan gizo ke saƙar. Namu labarin da Turanci yake zuwa, yarinya kuwa ba ta gama jin Turancin ba, don haka sai ta tsallake maganar ta tsinci lambobi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ta tara ko ta ɗebe, in an dace an dace. Kuma kada ki ce yaranmu ne kawai. A wajajen 1980 an tambayi yara 97 'yan firamare a Grenoble ta ƙasar Faransa cewa, a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Su 76 suka ba da amsa da waɗannan lambobi. Don Allah me ya haɗa akuya da shekarun mutum?

Saboda haka in kin zauna da ita, fara karɓe fensirin tukuna. Ta karanta, sannan ta rufe littafin ta ba ki labarin da Hausa, da bakinta, kamar tana ba ki labarin biki. In ba ta iya ba, to ba a zo wajen lissafi ba ma. Misali: Inna ta ba yarinya naira 5,000 ta sayo wake mudu 2, kowane mudu 1,800, da manja na 600, nawa ne canji? Mai gaggawa za ta cire 1,800 da 600 ta ce miki 2,600, ta manta da mudu na biyu gaba ɗaya. Kar ki ce mata ta faɗi. Ki ce, "To ke ce aka aika, kin isa gaban mai wake, nawa za ki miƙa masa?" Nan take za ki ji ta ce 3,600. "Da na manja fa?" 4,200. Canji 800, ita da kanta za ta faɗa tana dariya.

Sirrin duka shi ne, irin wannan lissafi yana da tambayar da aka ɓoye. Littafi ya tambayi canji kawai, amma ba ki isa ki san canji ba sai kin san abin da aka kashe. Ki saba mata da tambayar kanta: me zan fara sani kafin in kai ga abin da suke nema? Kuma kowace lamba ta samo ta rubuta sunanta a gefe, 3,600 kuɗin wake, 4,200 abin da aka kashe, don kada ta ɓace a tsakiyar hanya.

Akwai wata dabara da wasu masu koyarwa ke ba yara wadda ni sam ba na sonta, wai in kin ga kalmar "fi" ki tara, in kin ga "saura" ki ɗebe. Gwada ta a nan: Yaya tana da naira 700, ta fi ƙanwarta da 200, nawa ne kuɗinsu su biyu? Mai bin kalma za ta ba ƙanwar 900, ta mayar da ita mai kuɗin gidan. Maimakon haka ki samo kara biyu, dogo na Yaya, gajere na ƙanwa, ki jera su a ƙasa. Ɗan tsawon da ya yi saura shi ne 200, na ƙanwa ke nan 500, duka 1,200. A Singafo tun farkon shekarun 1980 da zanen sanduna irin wannan ake koya wa 'yan firamare, mu kuwa ga kara nan a bayan ɗaki kyauta.

In ta gama kuma kada ki yi saurin cewa daidai ne ko ba daidai ba. Ki ce ta mayar da amsar cikin labarin ta gani da idonta. Wadda aka ce an fi ta, yaya za a yi kuɗinta su fi yawa?

Ga wanda za ki gwada ta da shi yau bayan sallar isha'i, amma fa ki kama bakinki ki bar ta ta yi. An soya awara 60, kowace naira 50, an sayar da 45, yara sun cinye 5, sauran kuma aka karyar da su a kan biyu naira 50. Nawa aka kawo gida? Ku aiko mini da amsar da ƙannenku suka bayar da kuma ajin da suke, sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum, Anti.